Sunan Malam Sule da na goge

"Wa ya cire Malam Sule mai gadi daga takardar albashi?"

Alhaji ne tsaye a ƙofar ofishinmu na akantoci, ko zama bai yi ba. Yana da injin casar shinkafa a Tudun Wada, mu muke riƙe masa lissafi. A ƙarshen shekarun casa'in ne, mun sauya manhajar albashi, aka ɗora mini aikin kwashe bayanan ma'aikata daga tsohuwar zuwa sabuwar.

Da na zo kan sunan Malam Sule, sai na ga an rubuta "marigayi" a gefe. Na goge shi, har ina jin daɗi wai na kama ma'aikacin bogi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ya rasu."

Alhaji ya ce, "Ni na yi masa wanka, kai za ka gaya mini? Na bar sunan ne don matarsa ta riƙa karɓa a matsayin haƙƙin mijinta, kada ta ji kamar sadaka ake ba ta. Jiya ta taso tun daga Doguwa, mai biyan kuɗi ya duba takarda ya ce mata a gaban mutane, babu shi."

A ranar na mayar da sunan, Alhaji ya aika mata kuɗin har gida. Ta karɓa, ta yi godiya. Amma ta riga ta gane, ba ta sake zuwa ba.

Har yau ba na goge suna sai na tambayi wanda ya rubuta shi. Ku fa, wane gyara kuka taɓa yi da har yanzu yake damunku?