Ƙofofin Si Munsif

Si Munsif Kammun ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a wata sakandare ta birnin Safakas, a bakin teku kudu da Tunis. A shekarar da ya yi ritaya ne ɗansa tilo, Nizar, ya shiga kwale-kwale tare da wasu samari za su Italiya. Ba a ga kwale-kwalen ba, ba a ga gawa ba.

Matarsa Jalila ta yi kuka har muryarta ta dishe. Shi kuwa ko ɗigon hawaye bai zo masa ba. Yana ci, yana zuwa masallaci, in an yi masa jaje ya ce ya gode.

Bayan wata huɗu ya sayo fenti da burushi da allunan zane, ya ɗauko tsohuwar rularsa, ya hau saman bene. Murabba'i yake zanawa, shuɗi cikin shuɗi, sai alwatika, sai ƙofa a tsaye tsakiyar sarari, ba bango, ba gida. Wani lokaci ya sa kifi yana shawagi bisa rufin gidaje.

Maƙwabcinsa Hadi mai sayar da kifi ya leƙo ta kan katanga wata safiya.

"Si Munsif, wane irin kifi ne wannan a sama? In haka suke tashi ai na rufe shago!"

"Haka na gan shi."

"A ina?"

"A barci."

Hadi ya janye kansa.

Shekara uku ana haka, zane ya cika bene har da ɗakin Nizar. Wata tsohuwar ɗalibarsa, Zuhur, mai ɗakin baje kolin zane a Tunis, ta kawo masa ziyara. Ta daɗe tana kallon zane-zanen, ta roƙe shi ya bari ta kai guda ashirin.

Ran buɗe baje kolin ya sa kwat ɗinsa na koyarwa, ya tsaya daga gefe riƙe da kofin shayi. Mutane suna nuna ƙofofin, wani ya ce 'yanci ne, wani ya ce mutuwa. Wata dattijuwa ta tsaya gaban babbar shuɗiyar ƙofar tana kuka a hankali. Ta juyo gare shi ta ce, "Ɗan'uwana, ni 'ya'yana biyu ne suka tafi a kwale-kwale."

"Allah ya ba da haƙuri," in ji shi. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Abin da ya lura da shi kawai shi ne an rataye zanen a karkace, ya miƙa hannu ya gyara.

Da ya koma gida Jalila ta zuba masa kuskus da kifi, ta tambaye shi yadda aka yi.

"Mutane sun zo," ya ce.

Ya ƙara shekara shida yana zane, har yanar ido ta hana shi ganin layi. Daga nan yakan hau benen da hantsi ya zauna a kujera, hannuwansa bisa gwiwa, sai Jalila ta kira shi cin abinci ya sauko.