Zoɓon da Ya Hana Kawu Iliya Limanci

Ni dai ba da sata na zo Landan ba. Karatu ya kawo ni, karatun ya tsaya a hanya, na koma neman abin rufin asiri. Wanda ya riƙe ni a lokacin shi ne Kawu Iliya, direban tasi a unguwar Plumstead. Ba kawuna ba ne na jini, unguwarmu ce ɗaya a Gusau, amma a falonsa nake kwana har na samu ɗaki. Shi yake jan mu salla a ɗan masallacinmu duk ranar da liman bai samu zuwa ba. Mutum ne da ko turare aka ce masa da barasa a ciki, ba zai shafa ba.

Na samu aiki a wani sito a Barking inda ake sauke kayan sha daga ƙasashen waje. Na ce wa Kawu lemo da ruwan roba muke saukewa, sauran zancen na haɗiye. A shekarar ne wani kamfani daga gabashin Asiya ya fara shigo da sabuwar giya Ingila, cikin gwangwanaye masu kalar alewar yara. Akwai mai ɗanɗanon mangwaro, akwai ta shayi da lemon tsami, akwai wata ja zir kamar zoɓo. Turawan da muke aiki tare suna cewa ba ta wari, ba ta ɗaci, sai ta kama mutum yake sanin ya sha. Ni ban taɓa kurɓarta ba, kuma da wannan na riƙa yaudarar kaina cewa ni mutumin kirki ne.

Kwalin giyar da ya lotse a hanya ana ware shi gefe, a lalata. Ran nan na ce, to abin da za a zubar, ina laifi in na ɗauki ɗaya? Daga ɗaya sai na koma lotsa su da kaina. Amma kayan suka zame mini ƙarfen ƙafa, don duk mai shagon da na kai wa sai ya juya gwangwanin, ya nuna mini lambar da ke gindinsa wadda za ta tona inda ya fito, ya ce in kai gaba.

Nan Shaiɗan ya tuna mini da abin da na sani tun ina yaro. Mu zoɓonmu a tsohuwar robar ruwa yake zuwa, ba takarda ba suna, kuma in naka ne ya miƙo maka, ba ka tambayar me ke ciki. Na dafa zoɓo na gaske da citta da kanumfari, na juye jar giyar a ciki, na ɗura a robobi. Wallahi ko ni da na haɗa ban ji warinta ba.

Kafin ka ce me, sunana ya zagaye gidajen Hausawa. Suna, ɗaurin aure, walima, sai a ce a yi wa yaron Kawu Iliya waya. Mata suna cewa zoɓona yana sake jiki, yana sa barci mai daɗi. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa sakin jiki da ni ba, Anti Rabi, matar Kawu. Ta taɓa buɗe roba ta shinshina, ta daɗe tana kallona, ta tambaye ni a ina namiji gwauro ya koyi haɗin da ya gagari matan Gusau. Na yi dariya na ce sirrin sana'a ne. Ita ba ta yi dariyar ba.

Ranar da abin ya faru, suna ake a wani zauren haya, ana zafin da Landan ba ta saba yi ba. Ina tsaye ina kallon Kawu yana cika kofi da zoɓona yana ƙarawa. Kalma ɗaya ta isa, in ce Kawu bar wannan, ga ruwa. Na ji tsoron ya tambaye ni dalili. Ya shanye, ya ce Allah ya yi wa hannuna albarka, ya ɗauki makullin mota ya tafi ɗauko fasinja.

Bai yi nisa ba ya gogi wata mota da ke ajiye. 'Yan sanda suka ba shi na'ura ya hura, yana murmushi, don ya san kansa. Na'urar ta ce ya sha. Aka dakatar da lasisinsa na tasi.

Rashin aikin bai kai abin da ya biyo baya ciwo ba. Mutanen da ya ɗauko daga filin jirgi kyauta su ne suka fara cewa dama sun daɗe suna lura da idonsa. Wani ya je yana tambayar liman ko zai rama sallolin da ya bi Kawu. In ya shigo masallaci sai hira ta mutu. Ni kuma ina zaune a cikinsu ina girgiza kai, ina cewa Allah ya kyauta. Kawu ya zargi maganin tarinsa, ya zargi na'urar, har kansa ya fara zargi, ko ya soma ruɗewa ne. Ni kaɗai bai zarga ba. Ɗakina ma yake zuwa ya zauna, wai ni ne ban guje shi ba.

Ashe Anti Rabi ta ɓoye roba ɗaya daga wurin sunan a firij. Ta miƙa wa lauyan Kawu aka gwada. A daidai lokacin kuma manajan sito, wanda yawan lotsewar kaya ya dame shi, ya zauna ya kalli hotunan kyamara. Ina tsakiyar aiki aka zo aka tafi da ni. Alƙali ya ɗaure ni kan sata da yaudara da shayar da mutane abin da ba su sani ba.

A kurkuku na ji cewa kotu ta yarda Kawu bai sha da saninsa ba, an mayar masa da lasisi. Na yi murna, na ɗauka komai ya koma daidai.

Da aka sake ni, gidansa na fara zuwa. Anti Rabi ta buɗe ƙofa ta koma ciki, ko gaisuwata ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Na durƙusa gaban Kawu ina kuka. Ya ce ya yafe tuntuni, in tashi. Na ce na ji an roƙe shi ya koma jan salla ya ƙi, alhali kowa ya san gaskiya yanzu.

Ya ce, "Ɗana, na gwada sau ɗaya. Ina yin kabbara sai hankalina ya koma bayana. Ban san wa yake salla ba, ban san wa yake shinshina ni ba."

Ƙannena, ku da kuke sito da shago da kicin a garin nan, kada ku ce abin zubarwa ne, ba mai shi. Kada kuma ku ci da yardar da naku suka yi muku, don ba ku san bakin wa abin zai faɗa ba. Na tuba, na gama zaman da aka yanke mini, yanzu shara nake a tashar jirgi kuma ina gode wa Allah. Amma duk Juma'a ina ganin Kawu Iliya a sahun ƙarshe, kusa da takalma, kuma ni na kai shi can.