Rekiya Mai Dafa Ruwan Jego

A Birnin Tsaba aka haifi Rekiya, aure ne ya kawo ta Kaura Namoda. Mijinta lebura ne a tashar jirgin ƙasa, ciwon ƙirji ya ɗauke shi ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Ba ta sake aure ba. Ta riƙe abin da ta iya, wato dafa ruwan wankan jego. Ta san yawan itacen da rabin ganga ke ci kafin ya tafasa, ta san yadda ake tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa wa maijego, zafin ya ratsa ƙashi amma fata ba ta saɓule ba.

Gidan da ta fi daɗewa a ciki shi ne na Hajiya Gimbiya, matar wani dillalin hatsi. Shekara ashirin da biyu ta yi tana ɗora musu ruwa safe da yamma, ko an haihu ko ba a haihu ba.

Da aka yi sabuwar jihar Zamfara, Sirajo, babban ɗan Hajiya, ya samu aiki a Gusau, hannunsa ya buɗe. Ya gina wa uwarsa gida mai banɗaki huɗu, kowanne da shawa, aka shimfiɗa farin tayil a tsakar gida. Ranar da ake maƙala hitar dafa ruwa a bango, Rekiya tana shara a kusa, ta ji Rufa'i mai gyaran famfo yana yi wa Sirajo magana.

"Alhaji, wagga hita ta yi ƙanƙanta. Mutum ɗaya zai yi wanka lahiya lau. Amma in anka buɗe famfo biyu ko uku tare, kafin bokiti ya cika ruwan ya huce."

"Wa zai yi wanka lokaci ɗaya da wani? Maƙala ta haka nan," in ji Sirajo.

Ranar tarewa gidan ya cika da mata. Rekiya ta garo gangarta har ƙofar tsakar gida. Hajiya ta dube ta daga kan kujera.

"Rekiya, ina za ki da wagga baƙar ganga? Nan ba gidan hayaƙi ba ne. Mun samu mai dafa ruwa wadda ba ta cin tuwo, ba ta tsegumi."

Mata suka yi dariya, wata har ta toshe hanci da gefen mayafi. Rekiya ta juya gangar ta gara ta gida.

Shekara huɗu ba ta taka gidan ba. Ta ci gaba da aikinta a gidajen da babu famfo. Amma maganar Rufa'i tana ranta, kuma duk sanda ta ji an ɗaura aure a gidan Hajiya, sai ta fara lissafin watanni da yatsunta.

A daminar shekarar da aka fara aiki da Shari'a, Fauziyya, autar Hajiya, ta dawo gida ta yi haihuwar fari. Bayan kwana biyu Salima matar Sirajo ta haifi tagwaye. Da safe Salima ta buɗe famfo, Fauziyya ta buɗe nata, wata baƙuwa tana wanke kwanuka a kicin. Ruwan ya fito da ɗumi-ɗumi, can ya koma na randa. Aka ce a riƙa yi bi da bi, amma maijego ɗaya rabin ganga take buƙata, hitar kuwa bokiti uku take bayarwa ta tsaya hutu. Ƙafafun Fauziyya suka kumbura, ta fara rawar ɗari. Uwar mijinta ta zo barka daga Shinkafi, ta tsoma yatsa a bokiti, ta ce, "Da wannan kuke wanke mini suruka?"

Aka nemi masu dafa ruwa a gari. Yawancinsu a hannun Rekiya suka koya, kowace ta ce tana da aiki. Hajiya ta aika direba, Rekiya ta ce ba ta gane saƙon ba. Sirajo ya je da kansa, ta ce masa, "Ba kai ka kore ni ba, ɗana."

A kwana na uku Hajiya ta zo. Mota ba ta shiga lungun, 'yan kabu-kabu kuma sun daina ɗaukar mata, dole ta tako cikin taɓo. Rekiya tana tsince wake a faifai. Sai da ta gama sannan ta ɗago.

"Hajiya ce yau a gidan hayaƙi?"

"Ki ji tsoron Allah, Rekiya. Fauziyya ɗiyarki ce, a hannunki ta tashi."

"Ina jin tsoronSa. Ko gaban alƙali, ramuwa daidai da cuta ake yi. Gaban mata kinka kore ni, gaban mata za ki maido ni. Gangata a tsakiyar gida za ta zauna, bisa tayil ɗin nan. Bokitin farko kuma ke za ki ɗauka."

Hajiya ta ce to.

Da la'asar, 'yan barka cike da gida, Rekiya ta kafa duwatsu uku a tsakiyar tayil ta ɗora ganga. Tana da busasshen itace a gida, amma ɗanye ta sa aka kawo, wanda ruwan sama ya jiƙa. Hayaƙi ya tashi ya bi farin bango. Da ruwa ya tafasa, Hajiya ta ɗauki bokiti da hannu biyu, tana tangaɗi, ta kai banɗaki. Ba wadda ta yi dariya.

Wankan kuwa Rekiya ba ta yi masa ha'inci ba. Cikin mako guda kumburin Fauziyya ya saɓe, Salima ta murmure. Kwana arba'in Rekiya ta yi tana zuwa da ƙullin abincinta, ko ruwan gidan ba ta sha ba. Tayil ya tsage a ƙarƙashin murhu, bangon ya yi baƙi har saman taga. Ranar ƙarshe Hajiya ta miƙo mata atamfa, ta ce ta dawo kamar da. Rekiya ta ajiye atamfar a kan tabarma ta tafi.

Sirajo ya kira Rufa'i ya sa babbar hita. Rekiya ta ƙara shekara shida tana aiki, har idonta ya raunana, ta koma Birnin Tsaba wurin babbar 'yarta Hannatu. Fauziyya takan je gaishe ta duk Sallah. Wata rana bayan ta tafi, Hannatu ta ce, "Inna, kwana uku fa kika bar yarinyar nan cikin rawar ɗari."

Rekiya ta ci gaba da murza carbi.

"Wannan kam ina neman gafara a kansa," ta ce. "Sauran ban yi nadama ba."