Gandiroba Sinyangwe da Yatsun Chibesa

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Ba Sinyangwe a barikin gandirobobi, kuma katangar ba ta tare sauti. Tun kafin in iya faɗin sunansa na san rediyonsa. Da safe kiɗan kalindula, da rana rumbar Kongo, ranar Lahadi waƙoƙin coci, shi kuma yana bi da wata murya mai kauri har kwanukan mahaifiyata su riƙa rawa a kan kanta.

Cikakken sunansa Kapembwa Sinyangwe, "Ba" ɗin kuwa girmamawa ce a wurinmu; mutumin Mbala ne, dogo mai faɗin kafaɗa. Ya shiga aikin gidan yari yana ɗan shekara ashirin da biyu don ya ji suna da 'yan badujala. Da ya gama horo sai ya tarar badujalar tana Lusaka, shi kuwa aka turo shi ɗan garinmu na haƙar tagulla, aka miƙa masa kulki da damin makullai. Matarsa ta yi shekara shida da shi ta koma gida, ta ce mutumin bai taɓa jin maganarta ba sai batir ya mutu. Mahaifina, Lackson Chisala, shi ne amininsa. Tare suke fita aiki, tare suke dawowa, kuma sau da yawa a kwano ɗaya suke cin nshima, tuwon masararmu, da ƙananan kifin kapenta a ƙofar gidanmu.

A shekarar 1997 aka kawo wani fursuna mai suna Chibesa, ɗaurin shekara huɗu saboda satar wayar tagulla. Siriri ne, bai cika magana ba. Wata rana ana binciken ɗakuna Ba Sinyangwe ya ɗaga bargonsa ya ga garaya, wadda ya haɗa da galan ɗin man girki da guntun katako da zaren buhu. Doka ta ce a karɓe a ƙone. Ba Sinyangwe ya ce ya kaɗa tukuna ya ji. Chibesa ya kaɗa, gandiroba ya tsaya da makullai a hannu har aka zo nemansa. Bayan mako guda ya shigo masa da wayar birkin keke a cikin safa, don zaren buhu ba ya ba da amo. Mahaifina ya gargaɗe shi cewa waya ba ta shiga kurkuku, ko ta shanya ce. Ya yi dariya ya ce mutumin da ke da irin waɗannan yatsun ba zai iya yanka kaza ba.

Daga nan kullum da hutun rana za ka same su a gindin katanga, fursuna na kaɗawa, gandiroba na rerawa.

Da daminar shekarar da ta biyo baya wake ya yanke a kurkuku, garin masarar da ake kawowa kuma ya yi tsutsa. A rana ta huɗu, ana layin abincin rana, wani ya kifar da ganga guda ta tafasasshen kunu a kan gandiroban da ke rabo. Fatar mutumin ta biyo rigarsa da aka cire. Kafin a busa usur fili ya hargitse, ana jifa da bulo, ana suka da cokulan da aka wasa a siminti. Mahaifina ne ke riƙe da makullin ƙofar ciki. Mutum uku suka danne Chibesa, suka fasa masa baki, suka ƙwace garayar suka farfasa, suka zare wayar. Ta bayan ƙarafan ƙofa suka zura ta a wuyan mahaifina, biyu suka ja, ɗaya yana lalube aljihunsa.

Ba Sinyangwe yana can ɗaya ƙarshen filin. Ya keto cikin mutane da kulki, ya karya muƙamuƙin wani, ya fasa kan wani, aka luma masa cokali a cinya bai tsaya ba. Da ya iso, wayar ta riga ta nutse cikin nama har ba a ganinta, mahaifina ya riga ya cika. 'Yan sanda suka zo da barkonon tsohuwa, suka harbe mutum biyu, kura ta lafa wajen la'asar.

Washegari, da cinyarsa a ɗaure, Ba Sinyangwe ya fito da Chibesa ya kai shi ɗakin ajiye fartanyu. Chibesa ya durƙusa ya nuna masa leɓensa da ya tsage, ya rantse ƙwacewa aka yi. Ba Sinyangwe ya ce ya sani. Ya ɗora hannun mutumin a kan kututturen da ake faskare, ya take wuyan hannun da takalmi, ya bi yatsun da kulki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ya miƙo ɗayan hannun. A takarda aka rubuta cewa raunin tarzoma ne. Duk bariki an san gaskiya, matan gandirobobi suna faɗa a bakin famfo. Shekarata goma sha biyu lokacin, kuma da na ji labarin daɗi na ji.

Muka tashi daga bariki muka koma Kitwe, Ba Sinyangwe ne ya ɗora mana kaya a mota yana ɗingishi. Ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya da igiyar saje, ya biyo mu Kitwe ya kama ɗaki a unguwar Chimwemwe yana gyaran rediyo. Ni kuma na koyi gyaran gashi, daga nan na shiga yi wa amare da 'yan wasa kwalliya. Duk Kirsimeti yakan zo gaishe da mahaifiyata da kaza a hammata. Ba a taɓa tayar da zancen waya ba.

A 2019 wani kamfani daga Lusaka ya zo ɗaukar wasan kwaikwayo na talabijin, labarin wata annoba da ke sa matattu su tashi su riƙa cin masu rai. Suka kama wani tsohon sito na kamfanin ma'adinai suka mayar da shi kurkuku, ni kuma aka ɗauke ni in riƙa mayar da rayayyu gawa. Daraktan, Ba Hamoonga, ya yi kwana biyu yana faɗa da ɗan wasan da aka ba matsayin gandiroba, wai yana riƙe makullai kamar mai tallan 'yan kunne. Na ce na san wanda zai koya masa. Ba Sinyangwe ya zo, ya karɓi makullan, ya buɗe ƙofa ya rufe da hannu ɗaya ba tare da ya kalle ta ba, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Darakta ya sallami ɗan wasan a ranar.

Aka sake rubuta matsayin don ya dace da shi. Ya zama Saje Mwila, gandiroba ɗaya da ya rage a kurkuku bayan gari ya mutu, wanda ya gano matattu sauti suke bi, sai ya riƙa sa musu faifai a lasifika su taru a bangon gabas, fursunoni kuma su fita ta yamma su ɗebo ruwa. Wasan ya karɓu. Kwandastoci a tasha suka riƙa yi masa tsiya suna cewa, "Tsoho, kulle ƙofa, ga su nan sun biyo ka." Shi kuma ya ce musu ai da ganin haƙoransu su ma ba su daɗe da tashi daga kabari ba. A tsawon sanina da shi ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar a watannin nan ba.

A kashi na goma sha ɗaya Saje Mwila zai mutu. Aka kwaso mutum arba'in daga kasuwa don su yi matattu, na zaunar da su layi ina shafa musu yumɓu da jinin da nake haɗawa da zuma da jan kala. Wani siririn mutum mai furfura ya zauna a gabana ya ɗora hannayensa a gwiwa. Yatsun sun karkace kowanne ya kama gabansa, kamar saiwar rogo. Darakta yana wucewa ya gani ya ce kada in taɓa hannayen nan, an riga an yi mana kwalliyarsu, a sa shi a sahun gaba. Na tambayi mutumin sunansa. Ya ce Chibesa.

Na gane shi. Na gama masa fuska tsaf, na kira na bayansa, ban faɗa wa kowa ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka fara ɗauka, rufin kwano ya ɗau zafi. Tsarin shi ne matattu su ɓalle ƙofa su tarar da Saje a gaban lasifika, su kayar da shi, su yi kamar suna cizon kafaɗarsa ta dama inda na ɓoye ledar jini. Aka ƙure kiɗa, ƙofa ta faɗi. Chibesa ne ya fara isa. A cikin hannun rigarsa akwai guntun rodi da ya ɗaure a damtse da robar taya, tunda yatsunsa ba sa riƙo. Ya sauke shi a gwiwar Ba Sinyangwe, tsohon ya zube, ya ƙara masa biyu a haƙarƙari, sannan ya faɗa kansa ya kafa haƙora a kunnensa na hagu. Sauran matattun suka rufto a kansu suna gurnani kamar yadda aka koya musu, ba wanda ya san abin da ke faruwa a ƙasa. Ba Sinyangwe yana ihu, darakta yana yi wa mai kyamara alama da hannu ya matsa kusa.

Jinin ne ya sanar da ni. Nawa ja ne jawur, wannan kuwa baƙi-baƙi, kuma ta hagu yake gangarowa. Na yi kururuwa kiɗa ya danne muryata, sai na ruga na fizge wayar lasifika daga bango.

Da mutane suka dare, sai ga shi tsohon ya riga ya juye da Chibesa. Shekararsa sittin da uku, gwiwa a fashe, amma ya hau ƙirjin Chibesa ya damƙi maƙogwaronsa yana buga ƙeyarsa da siminti. Chibesa ya tofar da guntun kunnen a fuskarsa, ya ce da ragowar numfashinsa, "Saje, ka zo in kaɗa maka mana." Ba Sinyangwe ya sake buga kan. Sai da maza huɗu suka taru, ɗaya ya shaƙe shi ta baya, kafin aka ɓamɓare hannayensa. Chibesa ya daina motsi, jini na fita ta hancinsa yana wanke yumɓun da na shafa masa.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da su a asibiti, gado biyar tsakaninsu, Chibesa da ankwa a ƙafa da tsagewar ƙoƙon kai. A rana ta uku na kai wa Ba Sinyangwe abinci, na gaya masa na san mutumin tun kafin a fara. Ya ce shi ma ya hango shi a layi, ya ɗauka iyakacinta zagi. Sai ya juyo da lafiyayyen kunnen ya ce, "Ni ina da dalilin yin shiru. Ke fa, Bupe, 'yata?"

Na ce, "Baba, wa ya shigar da wayar?"

Shekara ashirin da ɗaya ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Ya ce in ɗauki kwanona in tafi.

A kotu lauyan Chibesa ya tambayi Ba Sinyangwe ko shi ya karya yatsun. Ya ce shi ne, guda takwas, manyan biyun kuma ya bar su ne don kulkin ya tsage. Alƙaliya ta ajiye biro ta dube shi. Duk da haka ba a tuhume shi da komai ba, aka ce magana ta tsufa kuma waɗanda suka rubuta rahoton sun mutu. Chibesa aka yanke wa shekara biyu. Kamfanin ya yanke kaɗan daga hoton ya saka sauran a talabijin, kuma ba a taɓa kallon wani kashi na wasan kamar wannan ba. Na ƙarasa musu aikin shekarar na koma shagona.

Ba Sinyangwe bai ƙara zuwa gidanmu ba. Da ya fara takawa da sanda ya sayar da kayan gyaransa ya koma Mbala wurin ƙanwarsa. Bara na haɗu da ita a wajen wata jana'iza a Ndola, ta ce yana noman wake, kuma shi ke koyar da mawaƙan cocinsu. Mata uku sun riga sun fita daga ƙungiyar saboda faɗansa, fasto ya yi masa magana har sau biyu bai canza ba. Na ba ta atamfa ta kai masa ya ɗinka riga. Ta karɓa, amma ta ce ba za ta gaya masa daga wurin wa ta fito ba.