Ranar da Na Fizge Hannuna

Jiya a Tarauni wani ya gaisa da ni bai saki hannuna da wuri ba, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai, dattijon ikilisiyarmu da ya tsaya mini a aurena. Haka yake gaisuwa, tafinsa da kaushi, yana ƙanshin man zafi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, akwai wata mai abinci a Gyadi-Gyadi da nake nema, ina cire zoben aurena kafin in je wurinta. A can Baba ya same ni. Ya riƙe hannuna yana shafa shatin da zoben ya bari.

"Ɗana, ina zoben?"

"Matse ni yake, Baba."

"To. Taso mu je gida wurin matarka, ni zan fara magana."

Na fizge hannuna, na ce ina da aiki.

Bai tona ni ba har ya rasu. Matata ta gano da kanta, ta koma Zonkwa da yara, kuma har yau, da furfurata, ban je neman gafararta ba. Ya Yesu, ka ba Baba hutawa, ni kuma ka ba ni ƙarfin zuwa ni kaɗai.