Ɗan Rakiyar Habu Tela

Na yi shekaru da ajiye aiki, amma ban taɓa mantawa da ranar da Habu tela ya dawo mana karo na uku da ciwo iri ɗaya ba. Kwanan baya yaran da suka gaje mu suka gayyace ni hira, wani mai baki a cikinsu ya tambaye ni, wai a zamaninmu mutum nawa ne ke ɗauke da cutar sanyi cikin mazan da ke neman maza 'yan uwansu. Na ce masa ban sani ba, kuma duk wanda ya ba shi adadi ƙarya ya yi masa, domin ba ma tambaya. Sai na ba su labarin Habu. Ba sunansa na gaskiya ke nan ba.

A farkon shekarun casa'in ne, lokacin da aka fara maganar ƙanjamau a rediyo. Ni nas ne a wani asibiti a Azare, a sashen da marasa lafiya ke zuwa a duba su su koma gida. Sama da ni akwai mai kula da sashe, sama da shi akwai likita, amma likita ɗaya ne ga taron jama'a, don haka yawancin masu ciwon sanyi a hannuna suke ƙarewa. Mutanen gari ma ni suke kira Likita, ban kuma taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba.

Ga wanda ba ɗan aikinmu ba, tsarin shi ne: namiji zai zo yana kukan zafin fitsari da fitar ruwa, a ɗibi ruwan a shafa a ɗan gilashi a kai ɗakin gwaji. Idan aka ga ƙwayar, a yi masa allura. Daga nan sai a tambaye shi macen da ya kwana da ita, a ce ya kawo matarsa ita ma a yi mata, domin idan aka yi wa ɗaya aka bar ɗaya, aikin banza aka yi. Haka aka koya mana, haka muka koya wa na bayanmu.

Habu mutum ne mai sanyin hali, shagonsa na kusa da kasuwa, sallar jam'i ba ta wuce shi. Zuwansa na farko aka yi masa allura, ya kawo matarsa Ladidi, aka yi mata. Ladidi na da ciki, na fari, tana zuwa awo wajen Sista Rifkatu, wata ungozoma 'yar kudancin Bauchi da ta daɗe a Azare har Hausarta ta fi tawa gishiri. Bayan ɗan lokaci ya dawo da ciwon. Likitanmu ya ce wataƙila ƙwayar ta daina jin fenisilin, aka canza magani, aka sake yi musu su biyun. Da cikin ya shiga wata na takwas, sai ga shi ya sake dawowa.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne jaririn. Idan uwa ta haihu da wannan ƙwaya a jikinta, takan shiga idon yaro wajen fitowa. Idon ya kumbura ya yi ta zubar da mugunya, in ba a yi sauri ba yaro ya makance har abada. Na taɓa ganin haka da idona, ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Akwai maganin da ake sa wa jariri a ido da zarar an haife shi, amma uwar Habu ta riga ta ce a gida za a haihu, kamar yadda ita ta haifi nata.

Ranar raina ya ɓaci. Na rufe ƙofa na ce, "Malam Habu, ka ji tsoron Allah. Wace mace ce? Ba suna nake so don tonon asiri ba, magani za a yi mata."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, wallahi tun da na yi aure ban kusanci wata mace ba sai iyalina. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Na san masu ƙarya, na sha ganinsu a wannan kujerar, kuma wannan bai yi mini kama da su ba. To idan ba shi ba ne, saura wa? Na tafi wajen Sista Rifkatu da maganar a bakina, ban ma gama ba ta tare ni.

"Malam Isa, kada ka soma. Yarinyar nan tana cikin kulle, surukarta a ƙofar ɗakinta take kwana. Kuma ka duba, duk lokacin da na gwada ta bayan magani lafiya lau take, sai shi ya fara kawo kuka sannan a same ta da shi. An riga an fara yi mata kallon banza a gidan, kada mu ma mu ƙara mata."

Na koma ina tunani. A kan bencin baranda na tarar da Sale, aminin Habu, wanda suke ɗinki a shago ɗaya tun suna samari. Duk zuwan da Habu ya yi, shi ke rako shi, shi ke riƙe masa kati, shi ke bin layin karɓar magani. A wajenmu wannan ba abin lura ba ne. Mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, kuma ɗan rakiya gaisuwa kawai ake yi da shi a wuce, ba mai kallonsa sau biyu. Abin da ya sa na tsaya ranar shi ne yadda yake zaune a karkace, ya dafe benci da hannu ɗaya.

"Malam Sale, lafiya kuwa? Ko kai ma sai an buɗe maka kati?"

Ya yi 'yar dariya. "Basir ne, Likita. Zaman keke ne ya jawo. Ina shan jiƙo, wani mai magani daga Misau ya haɗa mini."

Ku da kuke aikin nan kun sani, a ƙasarmu duk abin da ya sami mutum ta baya sunansa basir. Tela ya ce basir, direba ya ce basir, mu ma mu rubuta masa maganin basir ba tare da mun duba ba, don shi yana jin kunya, mu ma muna ji. Na ce masa tun da ya zo har nan, ya shigo in duba, ba zai ɗauki lokaci ba. Ya yi ta noƙewa, na yi ta jan sa da wasa, ina cewa jiƙon nan in ya kashe shi ni za a tambaya. Ya dai shigo.

Abin da na gani ba basir ba ne. Na ɗibi ruwan na kai ɗakin gwaji da kaina, na tsaya har aka duba. Ƙwayar da ke jikin Habu ce.

Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa zaton haka ba. A tunanina na wancan lokaci, irin wannan sai 'yan daudun tasha, ba magidanta biyu masu sana'a da muke haɗuwa da su a masallaci ba. Na san abin da addinina ya ce a kan lamarin, har yau kuma na sani. Na kuma san abin da zai same su idan maganar ta fita baranda: shago ya mutu, gari ya gagare su zama, ƙila har da hukuma. Na je na sami likita a ofishinsa na gaya masa a taƙaice. Ya cire tabarau ya ce, "Rubuta sunan ciwon kawai, kamar na kowa. Ka yi musu magani rana ɗaya, su ukun. Sauran ba namu ba ne."

Na kira su biyun ɗaki, na kori mai shara, na rufe taga. Na ce, "Ba alƙali ba ne ni, ba kuma zan tambaye ku komai ba. Ciwon da ke jikin ɗayanku shi ke jikin ɗayan. Muna yi wa Habu magani yana komawa yana ɗaukowa, yana kai wa matarsa. Idan aka haifi yaron nan a haka, zai iya rasa idonsa duka biyu."

Ba wanda ya yi musu. Sale ya rufe fuska da hularsa. Habu ya ce da ƙaramar murya, "Likita, ban san ana ɗauka ta haka ba. Na ɗauka daga mata kawai ake samu."

Na yarda da shi, domin mu da kanmu haka muka koya wa mutane. Duk wa'azin da muke yi a asibiti da rediyo, ku guji matan banza ne. Mutumin ya guje su tsakaninsa da Allah, ya zaci ya tsira.

Na gindaya musu sharuɗɗa. Za a yi musu allura yau, Ladidi ma a kawo ta yau. Ba kusantar kowa har a sake gwada su a ga sun warke, kuma Habu ya haƙura da iyalinsa har ta sauka. Na nuna musu kwaroron roba, na yi bayaninsa ba kunya. Na ƙarshe, haihuwa a asibiti, ko Hajiyarsa ta so ko ba ta so ba, kuma ya je ya gaya mata da bakinsa cewa ciwon daga gare shi yake, ta daina zargin yarinya. Wannan ne ya fi yi masa nauyi, amma ya yi. Sale kuwa bayan an sake gwada shi ya tafi Jama'are wajen yayansa, ya ce zai yi ɗinkin sallah a can.

Da na gaya wa Sista Rifkatu abin da aka gano, ba ta ji daɗin yadda aka bar Ladidi cikin duhu ba. Ta ce mace tana da haƙƙin sanin abin da ke shigo mata jiki. Na ce gaskiya ne, amma asirin ba nawa ba ne da zan bayar. Mun yi ta ja, ba wanda ya rinjayi wani, muka bar shi a haka.

Ladidi ta haihu a hannun Sista, mace. Aka goge idon aka sa magani, aka riƙe su kwanaki ana dubawa safe da yamma. Ni da ba aikina ba ne, na yi ta zarya ɗakin haihuwa har Sista ta ce ko in karɓi rigarta in zauna. Ranar da za a sallame su na leƙa, yarinyar ta buɗe ido tar, fari fat, ba kumburi ba ruwa. Na ji daɗin da ban iya faɗarsa ba, na fita na yi alwala na yi nafila.

Da yamma Sista ta same ni ina haɗa kaya. Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Ladidi ta ba ni saƙo," in ji ta. "Ta ce in gaya wa Likita ta gode da ya duba Sale."

Na ajiye kayan da ke hannuna. Sista ta ce ta tambaye ta tun yaushe ta san abin da ke tsakanin Habu da Sale. Ladidi ta ce tun kafin ta sami cikin. Ta tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, alhali ana ta huda ta da allura. Ta ce, "Sista, wa ya tambaye ni? A gida ana tambayata wane namiji ne ya shigo, a nan kuma ana cewa in miƙo hannu."

Daga ranar na canza yadda nake tambaya. Na daina cewa wace mace, na koma cewa, "Duk wanda kuka kusanci juna da shi, mace ko namiji, yana bukatar magani," in faɗa ina rubutu, ba na kallon fuskar mutum. Na daina karɓar basir a baki sai na duba. Matan aure kuwa, in aka kawo su, ina sa Sista ta zauna da su su kaɗai kafin allura. A shekarun da suka biyo baya na ga irin su Habu fiye da yadda na taɓa zato, malaman makaranta, direbobi, 'yan kasuwa, yawancinsu da iyali a gida.

Abin da na ce wa yaran nan ke nan. Adadin da suke nema ba zai samu ba sai mutum ya tabbata zai faɗi gaskiya ya fita da mutuncinsa. Sau uku muka yi wa Ladidi allura da yarinya a cikinta, amsar tana bakinta, ba wanda ya ce mata, ke me kika sani.