Batiran Motar Baba

Jama'a, ni ba mai jin tsoro ba ne, kuma ban iya ƙarya ba, amma wallahi wannan abin da ni ya faru, shekarun baya kaɗan, lokacin ina aikin haɗa wutar rana a Dakoro.

Mahaifina makiyayi ne, ciwon suga ya kama shi, likita ya ce allurarsa sai a cikin sanyi, in ta sha zafi ta lalace. Shi kuwa tsohon ya rantse ba zai zauna gari ya bar shanunsa ba. Sai na sayi wata tsohuwar bas, na cire kujeru, na sa gado da fanka da ɗan firigo na sanyaya allurar, ta zama ɗaki mai tafiya. Batiran da za su ba su wuta na samo su wajen wani ɗan kasuwa a Maraɗi, guda shida, ya ce daga motar lantarki aka ciro su can Turai. Na ga gefen ɗaya ya lotsa, ban tambaya ba, araha ta rufe mini baki.

Muka tafi daji bayan Ɗan Gulbi. Kwana biyu lafiya lau. Ran na uku, ana gama la'asar, firigo ya yi tsit, fanka ta tsaya, sai wani sauti daga ƙarƙashin gado inda batiran suke, tik, tik, tik, irin na siginar mota in za ta karya kwana. To ni na cire wayar sigina da hannuna. Na auna batiran, cike suke. Na taɓa mai lotsawar nan, sanyi ƙalau kamar randa, a wannan zafin.

Baba ya dube ni ya ce, "Kai, wanga kaya na wa ne?"

Na ce na saya ne.

Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Sai ya duƙa ya dafa batirin, ya ce a hankali, "Sannu, mai kaya. Aro munka yi, ba ƙwace ba." Firigo ya kama. Na ji haushi ƙwarai, na ce waya ce ta saki. Kullum bayan la'asar haka, kullum Baba sai ya roƙi aro, ni kuwa ina gefe ina canza waya ina ƙunƙuni.

Wata rana ciwon ya kayar da shi, yana kwance ko magana ba ya iyawa, kwalbar allura biyu ta rage, gari da nisa. La'asar ta yi, wuta ta ɗauke. Na kwance komai na sake ɗaurawa, na yi duk abin da na sani, sai tik, tik kawai nake ji. Na buɗe firigo, kwalaben sun fara ɗumi. Nan tsoro ya kama ni sosai. Na ɓalle murfin batirin nan, a cikin lotsawar na ga ɓarɓashin gilashi da wani dogon gashi ja irin na mace, ya naɗe a jikin ƙarfe.

Na durƙusa na dafa shi, na faɗi maganar Baba. Firigo bai kama ba. Sai na ƙara da tawa, na ce, "Ki yi haƙuri, ban tambaya ba. Ubana ne." Firigo ya kama.

Baba ya tashi daga wannan ciwon, ya ƙara shekara biyu kafin ya rasu. Motar tana ƙofar gidana yanzu, na kwance wayoyin duka, na rasa wanda zan mayar wa kayansa. Jiya ma bayan la'asar na ji sautin, na je na dafa.

Ku dai in kun ga kaya da araha kuma gefensa ya lotsa, ku tambayi na wa ne kafin ku kai shi gida.